Lambar da Ke Fayil Ɗinsa ta Mamaci Ce

Zuwa ga Manajan Darakta,
Kamfanin jiragen ruwa na dakon kaya da ke Legas, wanda ya ɗauki wani yaro ɗan Rurum aikin lantarki.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka na tudu da na ruwa. Ni malamar firamare ce mai ritaya, ina zaune a Kibiya. Ban taɓa ganin teku ba, kuma ban taɓa rubuta wa babban mutum takarda a bainar jama'a ba sai yau. Ban sa sunan kamfaninku ba, don ina tsoron kada wani ya huce haushinsa a kan yaron. Kwafin wannan wasiƙa yana hanyar ofishinku, da lambar aikinsa a jiki.

Ga abin da ke tafe da ni. Yau mako biyar ke nan ba mu ji muryarsa ba. An ce gobara ta tashi a jirgin da yake ciki, an sauke mai aikin lantarki ɗaya an kai shi asibiti a wata ƙasa. Masu aikin lantarki biyu ne a jirgin. So nake in san wanne ne, ofishinku kuma ya ce ba ni da hurumin tambaya.

Na ɗaya, bari in faɗa maka ko ni wace ce a wurinsa, tunda fayil ɗinku bai san da ni ba. Ni na haife shi, shi ne na fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a nan, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yaba shi a gaban mutane, in ya yi kuka wata take miƙa wa. Ni Yayan Saudatu nake ce masa, da sunan ƙanwarsa, kuma haka zan riƙa kiransa a nan. Da aka yaye shi, yayan mahaifinsa, Baffa Idi, ya ɗauke shi zuwa Rurum ya riƙe. Shi ya kai shi makaranta, da malami ya tambayi sunan uba sai ya ba da nasa. Babu wanda ya ga laifin haka, har mahaifinsa ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga maganar ba. Saboda haka duk takardunsa sunan Baffa ne a jiki.

Na biyu, yadda ya zama ma'aikacinku. Tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi, sai ya kwance ta. Ya girma yana gyara injinan ban-ruwa na masu noman rani, ya yi karatun lantarki a Kano, sannan ya kafe sai aikin jirgin ruwa. Mutanen Rurum sun yi ta tsokanarsa, wai wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Tiga, me ya haɗa shi da teku? Bai kula su ba. Ya je kudu ya yi kwas na kashe gobara da na ceton rai a ruwa, aka gwada idonsa da jininsa, ya samo littafin shaida na ma'aikatan jirgi. Ya tura takardun neman aiki wurare da dama, shiru. Ku ne kuka amsa. Ganawar da kuka yi da shi ta bidiyo a waya, a shagon wani mai cajin waya a Rano ya yi ta, saboda nan ne sabis ba ya ɗaukewa. Saman jikinsa kwat ce ta aro, ƙasa kuwa wandon gona ne, tunda ya ce ba za ku gani ba.

Da kuka turo fom na ƙarshe, a tsakar gidana ya cika shi. Akwai gurbi guda ɗaya na wanda za a nema idan wani abu ya sami ma'aikaci. Ya ɗaga biro ya tsaya. Bai iya tambayata kai tsaye ba, sai ya ce wa ƙanwarsa, "Saudatu, tambayi Inna, in sa sunanta?" Ina zaune taku uku daga inda yake, ina ɓarar gyaɗa. Ban ɗago kai ba na ce, "Ina ruwana da shi? Ai yana da ubansa a Rurum." Matan gida suka yi dariya, suka ce Malama akwai kara. Ya rubuta sunan Baffa Idi da lambar wayarsa. Wannan laifina ne, ranka ya daɗe, ba zan ɗora wa kowa ba. Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane cika fom, amma ranar da ta zo kaina kunya ta fi ƙarfina.

Na uku, Baffa Idi ya rasu cikin azumin da ya wuce, yaron yana ruwa. An gaya masa, ya yi kukansa ta waya, amma babu wanda ya tuna da wannan fom. Wayar Baffa ta shiga kayan gado. Wanda ta faɗa wa ya zare layin ya sa nasa, yanzu ya ce bai san inda ya jefa tsohon ba. Mun juye akwatuna, mun share ƙarƙashin gado, babu shi. Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Mai yiwuwa kun riga kun kira. Mai yiwuwa wani ma'aikacinku ya buga lambar sau biyu, ya ji a kashe, ya rubuta cewa an nemi iyali ba a samu ba, ya rufe fayil ya tafi cin abinci.

Na huɗu, yadda labarin ya iso mana. Duk Juma'a yakan turo wa Saudatu saƙon murya. Ni ba ya kirana, ni ma ba na kiransa. Sai ta kunna a bakin ƙofar ɗakina ta ƙure ƙara, ni kuma in yi kamar hankalina yana kan tukunya. A haka na san aikinsa fiye da yadda kuke zato. Na san jirgi da kansa yake yin wutarsa da manyan janareta. Na san iskar gishiri tana cin waya. Na san akwai babban allon wuta a ɗakin injin, wanda duk wutar jirgi ta nan take bi, kuma kafin mutum ya sa hannu a ciki sai ya kashe ya datse da kwaɗonsa, ya jefa makullin a aljihu, don kada wani ya kunna masa yana ciki. Ranar da na ji batun kwaɗon nan na sami sauƙi a raina, na ce ashe mutanen nan sun san darajar rai.

Sai saƙon ya tsaya. Juma'ar farko muka ce sabis ne. Ta biyu muka ce sun yi nisa. Cikin mako na uku wani ɗan Madachi, mai walda a wani jirgin naku, ya dawo hutu ya zo gaishe ni. Bai gama zama ba ya ce, "Inna, kamfani sun faɗa muku wanda aka sauke? Namu ne ko ɗayan?" Da ya ga fuskata ya gane ban san komai ba, ya so ya janye maganar, amma ta riga ta fita. Abin da ya ji daga abokan aikinsa shi ne wuta ta kama a babban allon nan, mutum ɗaya ya ƙone, aka kai shi gaɓa a ƙaramin jirgi. Sunan ne bai ji ba. Tun ranar, in na tayar da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Na biyar, abin da ofishinku ya yi da ni. Ni da Saudatu muka hau babur zuwa Rano, muka shiga mota zuwa Kano wurin wakilin da ya tura muku takardunsa. Ya ce shi nasa turawa ne, ya ba ni lambar Legas. Na kira, wani mutum ya ɗauka, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, da ladabi ya fara. Na ce ni mahaifiyar ma'aikacinku ce. Ya ce in faɗi sunan ma'aikacin. Ranka ya daɗe, na buɗe baki, harshena ya ƙi. Shekara talatin da ɗaya ban furta shi ba, ga wakilin nan da mutane a ofis suna kallona. Na miƙa wa Saudatu wayar ta faɗa. Daga nan muryar mutumin ta canza. Ya ce ina aka taɓa uwar da ba ta san sunan ɗanta ba? Ya tambayi sunan mijina, Saudatu ta faɗa, ya ce ba shi ne uban da ke fayil ba. Ya ce 'yan damfara suna yawan kira da sunan dangi, don haka da wanda ke rubuce kaɗai za su yi magana.

Na ce wanda ke rubuce yana kabari. Ya ce a kawo shaida. Dagacinmu ya rubuta takarda ya buga hatimi, limamin da ya sallaci gawar Baffa ya sa hannu, muka tura. Bayan kwana shida amsa ta zo: ma'aikaci ne kaɗai zai iya canza sunan, da rubutun hannunsa. To shi ɗin nake nema. In yana da hannun da zai riƙe biro, ai da ya riƙe waya. Ban ga laifinku ba don kuna gudun 'yan damfara. Amma wane ɗan damfara ne zai yi sati biyu yana roƙon a gaya masa mutum yana da rai ko babu, bai nemi komai ba bayan haka?

Ga roƙona, kuma ba shi da yawa.

A duba yau a gaya mini wanda aka sauke. In ƙa'idarku ta hana, a sa shugaban jirgin ya ce masa ya kira ƙanwarsa, ko na minti ɗaya. In yana asibiti, a kara masa waya a kunne, mu za mu yi magana, ba sai ya amsa ba. In kuma abin da nake tsoro ne ya faru, kada a ɓoye mini. Ni Musulma ce, zan ɗauka. Ina so a yi masa wanka da salla irin tamu, kada ya kwanta a wata ƙasa ana jiran Baffa Idi ya ɗauki waya. In ɗayan ne abin ya samu, shi ma yana da uwa, ina fatan ita kun same ta.

A ƙara gurbi na biyu a fom ɗinku, kuma duk wanda zai hau jirgi a tambaye shi ko mutanen da ya rubuta suna nan da rai. Tun da Yayan Saudatu ya sami aikin nan, samarin Rano da Kibiya suke zuwa gidana tambayar yadda ake nema, har da ɗalibaina na da. Da yawansu riƙonsu aka yi, sunan mai riƙo suke amsawa, iyayensu mata kuma irina ne. Ina faɗa musu yanzu: ku rubuta mahaifiyarku ko da ta harare ku.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya kiyaye jiragenka da duk rayukan da ke cikinsu, ya raba ka da ranar da za ka nemi labarin ɗanka a ce ba ka cikin fayil.

Saura abu ɗaya. Ma'aikacinka ya ce in faɗi sunansa, na kasa. Jiya na zaunar da Saudatu na faɗa a gabanta sau uku, don bakina ya saba. Sunansa Sulaimanu. Ni na haife shi, ranar wata Talata cikin damina. Lambata tana kan kwafin da na aiko, wayar kuma tana hannuna. Duk wanda ya kira, da kaina zan ɗauka, kuma zan faɗa masa sunan.

Wassalam, ina sauraro.

Mahaifiyar Sulaimanu,
Kibiya.