Mari a Gindin Rijiya

Bugunam, 3 ga Afrilu

Zuwa ga matata Rakiyeta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya ke da yara. Yaya ƙafar Inna, ta fara takawa? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Albishirinki. Tsoho Nowaga ya ajiye haƙar rijiya saboda idonsa, kuma ni ya damƙa wa aikin. Yanzu ni ne heluma, wato shugaban aiki, mutum shida a hannuna. Kada ki rangaɗa guɗa tukuna. Ni ke fara shiga rami kowace safiya in duba bango, ni ke cewa a sauka, ni ke cewa a fito. In wani abu ya samu ɗayansu, ni zan je in tsaya a ƙofar uwarsa.

Damuwata ɗaya ce, ƙaninki Tasere. Wajen aiki ba a fi shi ba, wannan kam na shaida. Amma kin san wasan da ke tsakaninmu tun ranar da aka kai goron aurenki, to bai bar shi a gida ba, ya taho da abinsa bakin rijiya. Jiya na ce ya ɗaura igiya a ƙugu kafin a zura shi, sai ya ce, "Ku ji ɓarawon yayata! Jiya-jiya aka naɗa shi, yau har da kafa doka." Kowa ya bushe da dariya. Ni ma na yi, to ya zan yi? Ba a fushi da abokin wasa. Haka ya shiga guga aka zura shi, ƙugu ba igiya.

Ki gaida Inna da kyau.

Mijinki,
Rasmane

Bugunam, 15 ga Afrilu

Rakiyeta,

Ina gaisuwa, da fatan kuna nan ƙalau. Yajin da kika aiko ya iso, Allah ya yi miki albarka.

Mun kai gaba goma sha huɗu, mun bar dutse mun faɗa yashi. Zobban simintin da za mu tokare bango da su har yau ba su iso ba. Matan garin kuwa tafiyar rabin yini suke yi neman ruwa, kullum sai sun ratso sun leƙa mu da tuluna a ka. Ba sa cewa komai, ni dai da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da nake tsoro ya fara. Shekaranjiya na ce wa Salfo, ɗaya daga cikin ma'aikatana, ya janye tulin ƙasa daga bakin rami, sai ya ce, "To, ɓarawon yaya." Salfo fa, wanda babu wasa tsakanina da shi! Na ja Tasere gefe, na ce masa a gida ya zage ni har kakana, amma a bakin rijiya in na yi magana a bi. Ya cire hula ya durƙusa, wai, "Ranka ya daɗe, in share maka hanya ne ko in yi maka fifita?"

Na rasa yadda zan yi. In na sallame shi, Inna za ta ce na samu girma na hana ɗanta abinci. In na bar shi, maganata ta zama abin dariya, a ramin da yashi ke saman kan mutum. Kada ki faɗa wa Inna komai tukuna.

Naki,
Rasmane

Bugunam, 22 ga Afrilu

Rakiyeta,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Na san Tasere zai riga takardar nan isowa, don haka ki ji daga bakina.

Ranar Laraba da hantsi yana ƙasa yana haƙa, ni ina kwance rub-da-ciki a bakin rami ina kallo. Sai na ga yashi na tsiyaya daga bango, daidai saman kansa, ga tsaga kamar faɗin yatsa. Na ƙwala masa kira ya fito. Ya ce, "Ƙasa ta jiƙe, ruwa ya kusa! So kake a ce kai ka fara taɓa shi ko? Kwanta nan ka yi ta kiwon tumbi." Masu riƙe igiya suka yi dariya. Na sake kira, ya kama waƙa. Na kira na uku, ya ce in gaida yayarsa.

Na sa aka zura ni. Ina dira na sharara masa mari, mari na gaske, har waɗanda ke sama suka ji. Ya dafe kunci yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Na tura shi cikin guga aka ja shi, ni na tsaya yashi na zubo mini a wuya har gugan ya dawo. Da na fito na sa aka rufe ramin da ƙaya, na ce ba mai shiga sai zobban sun zo.

Yau kwana huɗu, bangon bai rufta ba. Mai gari ya ce na tsayar da aiki a banza. Tasere ya ce na wulaƙanta shi a banza, ya ɗaure kayansa. Sauran kuwa yanzu in na yi magana ba mai musu, amma ba mai zama cin tuwo da ni. Ban san shugabanci haka yake da kaɗaici ba.

Na san girman abin da na yi. Mutum ba ya ɗaga hannu ga ƙanin matarsa da gaske, dattawa za su kira ni, kuma zan zo da goro da kaza in durƙusa gaban Inna. Zan ba da haƙurin marin. Amma in suna jira in ce da na bar shi a ciki, sai dai su yi ta jira. Wataƙila bangon nan ba zai taɓa ruftawa ba, ban sani ba. Ni dai ba da ɗan'uwanki zan gwada ba.

Ki duba kuncinsa, ki yi fushi da ni iya son ranki. Sai dai ki lura, da ƙafarsa ya shigo gida, ba mutum huɗu suka ɗauko shi ba.

Mijinki, in har kina so,
Rasmane