Sunan da Za a Sa a Jikin Agogon

Tarevik, Satumba 1947

Zuwa ga yayata Borghild,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki da iyalinsa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Anfinn da yara. Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da kika ambata, Ya ƙara wa Anfinn kasuwa. Mu nan mun gode Allah. Tarin matata Petra ya ragu tun da na sa murhun ƙarfe a ɗaki. 'Yarmu Oddny ta yi tsawo har ta kusa kamo uwarta, takalman da kika aiko sun yi mata daidai, sai dai ba ta yarda su taka ƙasa in ba ranar Lahadi ba. Dankali bai yi abin kirki ba bana, amma kifi ya samu, ba za mu kwana da yunwa ba in sanyi ya shigo.

Takardarki ta iso, kuma ita ce ta sa na zauna rubutu yau maimakon in fita teku. Kin ce ƙungiyarku ta 'yan arewacin ƙasarmu mazauna birnin Seattle za ta aiko da agogon bango a rataye a sabon gidan waya, da farantin tagulla a jikinsa ɗauke da sunan ƙaninmu Torleif, wai shi ne ya tayar da gidan wayarmu daga toka. Kin ce har kukan daɗi kika yi da kika gani a jarida. Na karanta, na sake karantawa, na ajiye, na fita na yi ta faskare har Petra ta leƙo ta tambaye ni ko itacen zagina ya yi. Yaya, ban ga laifinki ba, abin da aka buga kika karanta. Amma kafin a sassaƙa tagullar nan sai kin ji daga bakina.

Kin san ni, karatuna bai wuce shekara biyu a midil ba, Baba ya rasu na koma jirgin kamun kifi. Tun daga ranar ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Da Jamusawa suka ƙone arewa suka kwashe mu kudu kamar tumaki, ni ne mutum na farko da ya dawo Tarevik bayan yaƙi, gwamnati tana cewa kada kowa ya koma, ni kuwa na ce gwamnati ba a nan aka haife ta ba. Bututun hayaƙin gidan Baba kaɗai na tarar a tsaye. Da itacen da teku ke kawowa na yi ɗaki, ƙusoshin daga cikin toka na tsince su, ina miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse. Jirgina da suka nutsar, ni na fito da shi, na kwance injin na wanke shi na ɗaure, ya tashi. Babu injiniya, babu kwamiti, babu wanda ya ce min sannu.

Mutane suka fara dawowa, kuma duk wanda ya sauko kafin ya tambayi abinci sai ya tambayi labarin wani: ko an ji ɗuriyar ɗansa, ko matarsa tana wane sansani. Shi ne na fara ɗaukar takardunsu a jirgina zuwa garin Hammerfest. Babban ma'aikacin gidan waya na can, wanda shi ma a bukkar katako yake aiki, ya ba ni buhu da 'yan kan sarki, ya ce in yi yadda zan iya kafin gwamnati a Oslo ta tuna da mu. Hatimi babu, ya narke tare da tsohon gidan waya. To wasiƙa ba ta tafiya sai an kashe kan sarkinta. Sai na ɗauki alƙalami na riƙa rubuta Tarevik da kwanan wata a kan kowanne, da hannuna. Lokacin sanyi tawada daskarewa take yi, sai na sa kwalbar a hammata kafin in soma. Akwatin kifi na rarraba na yi wurin jera wasiƙu. Ki buɗe inda kike ajiye takardunmu ki duba ambulan ɗin shekarun nan biyu, rubutun wa ke kan kan sarkin? Kin san hannuna, ke kika koya min rubuta sunana.

Da aka ce bara jirgin sama mai sauka a kan ruwa zai riƙa bi ta gaɓarmu da wasiƙu, sai aka ce ba zai sauka ba sai inda ruwa ke da tsabta kuma akwai abin ɗaure shi. Ni na bi mashigin tekun nan namu da kwalekwale ina janye gungumen da ke yawo. Na tono sarƙa daga ƙonanniyar tashar jiragen ruwa, na ɗaura mata mataccen injin da Jamusawa suka yar don ya riƙe ƙasa, na sa duron mai a sama na shafe shi da jan fenti. Wannan duron shi ne filin jirgin samanmu. Duk ranar da jirgi zai zo, ko ana iska ko ana ruwa, ni ke tuƙawa in je in miƙa buhu in karɓi buhu. Matuƙin ba ya kirana da sunana, Gemu yake ce min, yakan leƙo ta taga ya ce Gemu, yau ma ba ka nutse ba? Ni kuma in ce masa sai ya faɗo tukuna. Daga nan ne takardarki da kan yi wata a hanya ta koma zuwa cikin 'yan kwanaki, a kan 'yar takardar nan marar nauyi da ake hango yatsa ta bayanta.

Duk wannan an gama shi kafin Torleif ya dawo daga Sweden, inda ya fake lokacin yaƙi. Ya sauko da malafa da hannu mai laushi, harshensa ya juye ya koma irin na mutanen kudu. Maƙwabciyarmu tsohuwa Elen, wadda kin san bakinta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce a'a, ga sojanmu ya dawo, da cokali ya yaƙi Jamus a teburin Sweden. Ni na tare masa, na ce ƙanina ne, wanda ya taɓa shi ya taɓa ni. A ɗakinmu ya kwana, a kwanonmu ya ci. Na koya masa awon wasiƙa da jera ta da ɗaure buhu. Ba ya buɗe baki sai ya ce Yaya: Yaya ka huta, Yaya kawo in riƙe maka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce Allah Ya kawo min na jiki.

Da bazarar bana aka aiko cewa sufeto zai zo daga kudu a jirgin wasiƙu, ya ga wurin, ya tabbatar da gidan waya, a yanko mana hatimin ƙarfe. Ranar na sa kwat ɗina ta zuwa coci zan shiga kwalekwale, sai Torleif ya riƙe min hannu. Ya ce haba Yaya, ina aka taɓa ganin shugaban gidan waya da kansa yana tuƙa baƙo kamar ɗan dako? Ya ce in tsaya a ƙofa kamar mai wuri, shi zai kawo min shi har gabana. Maganar ta shige ni, na miƙa masa matuƙan kwalekwalen. Petra ta buɗe gwangwanin kofin da kika aiko, wanda muke ta adanawa tun Kirsimeti, ta soya fanke da ɗan man da ya rage. Muka ɗaga tuta. Duk mutanen Tarevik suka fito da kayan Lahadi suka jeru a bayana.

Da idona na ga jirgi ya sauka ya ɗaure a durona. Na ga mutumin ya sauko cikin kwalekwalena da jakarsa. Sannan na ga hancin kwalekwalen ya juya, ba wajenmu ba, wajen Holmen, ƙetaren mashigi, inda attajiri Moe ya sake gina tasharsa ta sayen kifi. Na ce wa jama'a ai zagayawa yake da shi ya ga ruwan. Kofi ya huce, Petra ta ɗumama, ya sake hucewa. Yara suka gaji suka zauna a ƙasa. Can Elen ta matso kusa da ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce Ottar, ƙanin nan naka bai ɓata ba fa, ya san inda za shi. Da yamma jirgin ya dawo daga arewa, daga Holmen ya ɗauki sufeton. Mutumin bai taka Tarevik ba, bai ga akwatin kifina ba, bai ga fuskata ba. Petra ta raba wa maƙwabta kofin, kowa ya sha a tsaye ya tafi bai dube ni ba.

Abin da aka faɗa a teburin Moe, matar da ke musu girki ce ta gaya wa Petra. Ashe an daɗe da shirya abin, kuma ashe an yi wa Torleif baiko da Ragna 'yar Moe ba mu sani ba. Ya gaya wa sufeto cewa mashigin Tarevik a buɗe yake ga iskar arewa maso yamma, wata rana za a yi asarar jirgi. Da aka tambaye shi wane ne Bendiksen ɗin da ke rubutu a kan kan sarki, sai ya yi murmushi ya ce ai yayansa ne, mutumin kirki, masunci ne, yana taimaka masa da tuƙin kwalekwale. Yaya Borghild, taimaka masa. Maganar iska ban musa ba, tana shigowa, ko da yake jirgi ya sauka bazara guda ko fentinsa bai goge ba. Amma wannan kalma ta taimako ita ce har yau take tashina daga barci.

Bayan kwana biyu ya zo kwasar kayansa. Bai sunkuyar da kai ba. Ya ce Yaya ka yi haƙuri ka dubi gaba, gwamnati tattara mutane take yi a manyan wurare, Tarevik ko da waya ko babu mutuwa za ta yi, gara abin ya tsaya a hannun ɗan gida da ya faɗa hannun bare. Har ya ce ya yi min magana, za a ba ni aikin kai buhu bakin jirgi, da albashi. Na tambaye shi ɗan wane gida yake nufi, don gidan da na sani ni na gina shi da ƙusar toka, shi kuwa kwana kawai ya yi a ciki. Na ce ya ajiye min matuƙana ya nemi na surukinsa. Petra tana cikin saƙa masa safa, ɗaya ta gamu, ɗaya saura rabi. Ta zare alluranta ta miƙa masa su haka, ta ce Ragna ta ƙarasa.

A makon ne suka zo da jirgin Moe mai inji suka ciro durona, da sarƙar da komai, suka ja shi zuwa Holmen suka shafe shi da rawayan fenti. Ina tsaye a gaɓa ina kallo. Ranar buɗe sabon gidan waya a Holmen aka yi kiɗa, aka buga ambulan na musamman don masu tara kan sarki, ɗan jarida ya ɗauki hoton Torleif yana miƙa buhu da malafarsa. Wannan hoton kika gani. Hatimin ƙarfe ya zo, Holmen aka yanka a jikinsa. Yanzu duk wanda ke son wasiƙa sai ya ƙetara ruwa. Gida biyu sun riga sun kwance katakonsu sun bi hatimin, Elen ma 'yarta na matsa mata ta koma can. Ni na rantse ba zan taka ƙofar nan ba, don haka Petra ce ke tuƙawa ta karɓo namu, da tarinta. Takardarki mai yabon Torleif ma ita ta ɗauko, daga hannunsa.

Ba aikin nake so a dawo min da shi ba, teku ba ta kore ni ba. Kuma ban ce ki ƙi shi ba, ke kika yi renonsa, na san yadda yake a ranki. Wannan takarda wani mai jirgi zan ba ya jefa min ita a Hammerfest, shi ya sa za ki ga baƙon hatimi a kanta. Ba na son hannun Torleif ya buga ta.

Ki gaida Anfinn da kyau. Ki gaida ɗanki Sverre da matarsa, ki shafa min kan jaririyarsu da ban gani ba. Ki gaida Gudrun, ki ce kawunta yana jiran hoton da ta yi alkawari. Petra da Oddny suna gaishe ku, Elen ma ta ce in gaya miki tana nan ba ta mutu ba.

Saura abu ɗaya, kuma ba roƙo ba ne. Ranar taronku ki tashi tsaye ki karanta musu wannan takarda daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake komai don kunya. Agogon ku aiko shi, mutane na bukatarsa, a rataye shi a Holmen ɗin. Amma a jikin tagullar a rubuta Ottar Bendiksen, Tarevik, 1945. In Anfinn ya ce an riga an sassaƙa, a kankare, ko a yanko wata. In kuna son sa sunan Torleif ban hana ba, a sa shi a ƙasa. Shi ne zai riƙa hawa kujera duk mako yana wana agogon, to ya riƙa karantawa. A rubuta sunana, Yaya, da manyan baƙaƙe, kuma kada a manta da Tarevik.

Ni ne ƙaninki,
Ottar Bendiksen,
wanda ya buɗe gidan wayar Tarevik