Shekarar da Na Yi a Bakin Dorina

Zuliha, matata, hasken idona, ruwan randa a zafin azumi, farin wata a kan tafkin Kainji!

Share hawayenki. Ƙarya aka kai miki Wara, ban mutu ba. Ina kwance a asibiti a Yelwa, da hannuna nake rubuta miki.

Da hantsi ne. Ni da ƙanena Hamza muna jan taru, sai dorina ta taso ta ƙarƙashin kwalekwale, ta fasa shi kamar ɓawon gyaɗa. Ta cafki ƙafata, ta girgiza ni, ta maka ni da ruwa, ta nutse da ni. Da ta sake tasowa Hamza ya caka mata guntun filafilin tuƙi a ido, ta sake ni. Ya rantse duk abin bai fi tsawon atishawa ba. Atishawa? Wallahi shekara na yi a bakin nan! Na ga ciyawar da ta maƙale a haƙoranta. Na ji ƙashina yana karyewa sannu a hankali, gaɓa-gaɓa kamar rake. Na ga jinina yana tashi cikin ruwa kamar hayaƙi. Har na sami sararin komawa kasuwar Wara, ranar da na fara ganinki, kika ɗaga kifina kika ce ya kwana, kina dariya kina rufe baki da gefen gyale. Na kalli wushiryarki har na ƙoshi, dabbar nan tana tauna ni.

Likita ya ce haka ƙwaƙwalwa take: in tsoro ya kama ta sai ta kwashe komai, ba ta barin ko ƙwaya, shi ya sa ƙiftawar ido ke zama wuni. To, don me ta yi mini rowa a kanki? Shekarun aurenmu sun wuce fuu kamar jirgi mai inji, ban gama kallonki ba! Wane irin zalunci ne wannan, a miƙe mini azaba kamar igiya, a dunƙule mini daɗi? Nan kuwa rana ta kafe. Tsakanin azahar da la'asar tsufa nake yi. Ji nake kamar in fizgo agogon bangon nan in rotsa shi da ƙasa!

Ki daure, ki ji daga gare ni kafin wani ya gaya miki: sun yanke ƙafar daga gwiwa.

Don Allah, kada ki hau ruwa da tsohon cikin nan. Ki zauna wajen Inna. Da ciwon ya kame zan zo, a mota, da sanda, ko da rarrafe. In haihuwa ta riga ni, a jira ni, ni zan raɗa suna.

Dorina ta tafi da ƙafa guda. Abin da ya rage duka naki ne, har ranar da za a tura mini ƙasa.

Mijinki,
Cindo