Muryata a Bakin Wata

Litinin, 2 ga Disamba, 1957

Aldo ya kashe ni da raina. Wasan waƙar haihuwar Almasihu da ya rubuta wa gidan talabijin, a falona ya rubuta shi, a kan fiyanona, yana shan kofina. Waƙoƙin Maryamu daidai maƙogwarona ya auna su. Yau ya ce masu kyamara sun ce fuskata ta tsufa. Za a sa wata yarinya, Doreen, ta riƙa motsa baki, ni kuma in rera daga bayan labule.

"Irene, muryarki ce fa duk Chicago za ta ji."

Ko kallona bai iya yi ba, matsoraci.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ashe tun Oktoba ya sani. Sunana ma ba zai fito ba.

Juma'a, 13 ga Disamba

A wurin gwaji an ba ni lungu kusa da jakin kwali na wasan, da makirfo, da ƙaramin allo da nake kallon leɓen Doreen. Kyakkyawa ce, ba ƙarya. Amma numfashi take ja a tsakiyar kalma kamar mai hawan bene. "Misis Novak, yi haƙuri, a sake," haka take ce min, ya fi a ƙirga.

Kai tsaye za a watsa, babu gyara. In na yi jinkiri kaɗan a waƙar reno, kowa zai ga bakinta a buɗe babu sauti. Ita da Aldo sun gama yawo. Tunanin nan daɗi yake min, Allah ya yafe.

Alhamis, 19 ga Disamba

Na sami Doreen tana amai a banɗaki don tsoro. Na miƙa mata hankici. Ba tausayi ba ne, hanya ta tare min.

Laraba, 25 ga Disamba

Jiya aka yi. A waƙar reno ita ce ta ruɗe, ta buɗe baki kafin lokaci. Shiru kawai zan yi, ta sha kunya. Sai na ji na bi ta, na shiga da wuri, na riƙe sautin har ta rufe baki. Waƙar nake ceto, ba ita ba.

Aldo ya aiko furanni, suna cikin shara.

Yayata Wanda ta bugo waya da safe, ba ta san komai ba. Ta ce ta yi kuka. "Kar ki ji haushi, Irene, amma yarinyar nan ta fi ki murya."

Ban gaya mata ba. Na dai tambaye ta wane wuri ne ya sa ta kukan.