Da Cikin Fari Matata Za Ta Shiga Ɗakin Aikin Zuciya

Anti Siddiƙa, don Allah ki agaza min da shawara kafin matata ta hau motar Kano.

Ni tela ne a Daura, iyakata firamare, amma ita matar tawa, Haulatu, tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya. An tura ta koyon aiki wani babban asibiti, sashen da ake zura siririn bututu ta jijiyar hannu har zuciya, ana binsa a na'urar hoto. Za ta iya, wannan ba na ko shakka. Ni nake riƙe mata littafi tana hadda, ni ne kuma majinyacinta na gwaji. Da ta ce a can wuni ake yi tsaye cikin rigar darma mai nauyi saboda hasken na'urar, sai na ɗinka mata falmaran na cika aljihunan da yashi, tana shara da girki da ita don bayanta ya saba. Har dariya muke yi.

To Anti, da na zo auna ta zan ɗinka sabon yunifom, tef ya nuna min abin da ba ta faɗa ba. Ta daina sa daddawa a miya, kuma an kwana biyu ban ga ta yi fashin sallah ba. Cikin fari ne. 'Yar Sandamu ce, a gidansu ko uwa ba a gaya wa, sai dai a gani. Ni ma nauyin bakin ya kama ni. Amma ita da kanta ta taɓa ce min hasken nan ba ya yi wa mai ciki kyau. Na lura in aka yi zancen tafiya sai ta sunkuyar da kai. Ita tana gudun a cire ta ta maimaita shekara, ni ina jin tsoron abin da ke cikin. In kira malamarsu a ɓoye ne?

Tela mai zuba ido, Daura

AMSA

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya raba su lafiya.

Kada ka kira malamar. Cikin nata ne, karatun ma nata ne, in ka tsallake ta za ta daɗe ba ta manta ba. Kunyarta tarbiyya ce, tsoronta kuma ba shirme ba ne, ta sha wahalar karatun nan. Amma kunya ta dangi ce, ba ta asibiti ba. Mace ɗaya kawai za ta gaya wa, sistar da ke kula da sashen, tun kafin ta taka ɗakin.

Ciki ba ya nufin kora. Sau da yawa akan ajiye mai ciki bayan gilashin kariya, ko wajen shirya majinyata da kula da su bayan aiki, ko a sauya mata sashe. Su za su yanke, amma sai sun sani. Ta kuma fara zuwa awon ciki yanzu.

Yau ɗin nan ka zazzage yashin nan, ta saba hakanan. Sannan ka farke yunifom ɗin a ƙugu, ka bar mata rara, ka miƙa mata da hannunka ka nuna mata wurin. Za ta san ka gane, maganar za ta fito da kanta.

Allah ya ba Haulatu sa'a, ya sa ka ɗinka rigar suna da hannunka.