Ƙoƙon da Na Ƙi Sha a Hannun Iya

Zuwa ga Malam mai Filin Shawara,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Malam, don Allah don Annabi ka cece ni, kada ka ajiye takardar nan cikin waɗanda za a duba in an samu sarari, domin kwana ashirin kacal suka rage mini. Sau uku ina rubuta ta ina yagewa. Ba ni da wanda zan gaya wa a nan Haɗeja, garin da za ka yi atishawa a kasuwa a yi maka addu'a a bakin kogi.

Ni malamin asibiti ne a ɗakin sha-ka-tafi na En'e, wato hukumar gargajiya. Asalina ɗan masunta ne daga wani ƙauye a fadama ta wajen Guri. Mu biyar mahaifiyarmu ta haifa, uku sun rasu tun suna goye, saura ni da wana Shu'ibu. Ni ne auta. Da aka zo ɗibar yara makarantar boko, dagaci ya ce gidanmu a ba da ɗaya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya miƙa ni, saboda Shu'ibu ya riga ya iya hawa gora ya riƙe komar kamun kifi, ni kuwa ban iya komai ba sai bin zanen Iya.

Na yi elementare, na yi midil, aka tura ni Zariya koyon aikin asibiti, shekara huɗu ban taka gida ba. A can ne wani Bature mai koya mana ya ɗiga ruwan tafki a ƙarƙashin madubin likita ya ce in leƙa. Wallahi Malam, da na san abin da zan gani da na runtse idona. Wasu 'yan ƙwari ne masu ƙafafu suna ta wutsil-wutsil. Ya ce a cikinsu ɗan kurkunu yake zaune yana jiran wanda zai haɗiye shi. Kurkunun da nake gani yana kwantar da ƙarti a garinmu kowace damina, muna cewa a jinin mutum yake! Tun daga ranar ban ƙara shan ruwan da ba a tafasa ba.

To, ga abin da na yi. Bara da kaka, ruwa ya fara janyewa, na dawo. Ƙanen Iya, Kawu Zarami, shi ya haye da ni a kwale-kwale. Na tarar gida ya cika maƙil da mata, ana ta guɗa. Iya ta fito riƙe da wani ƙoƙo. Nawa ne tun da aka yaye ni. Ya taɓa tsagewa ta ba gyartai ya ɗinke, kuma daga baya aka gaya mini shekara huɗun nan yana rataye a ɗakinta, ba ta yarda kowa ya kai shi baki ba. Ta cika shi da ruwan randa mai sanyi, wanda aka ɗebo a tafkin bayan gari, ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, “Auta, sha ka huce hanya.”

Na karɓa. Na ɗaga shi wajen haske, na karkata shi ina dubawa kamar yadda aka koya mana. Sannan na ajiye shi a gaban ƙafarta, na zaro kwalbata daga jaka na sha. Ban ma tsaya nan ba, kaicona, na buɗe baki na shiga yi wa mata bayanin ƙwari. Guɗa ta ɗauke ɗif. Iya ta sunkuya ta ɗauki ƙoƙon ta shanye shi tas a gabansu, ta kife shi, ta shige ɗaki. Ni a wautata na zaci gardama take yi da ilimina.

Sai bayan wata biyu matar wana, Zinariya, ta ja ni gefe tana kuka ta fahimtar da ni abin da na manta. A wurinmu mutum ba ya ƙin ruwa daga hannun wani sai in yana zargin an sa masa wani abu. Ashe Iya ta shanye ne don ta nuna wa mutane ba komai a ciki. Amma magana ta riga ta fita. Ana raɗa a bakin tafki wai 'ya'ya uku sun tafi a hannunta, ga shi wanda ya je ya yi karatu ya dawo ya gano ta. Malam, ka san kalmar da suke nufi, ni hannuna ba zai iya rubuta ta kusa da sunan uwata ba. Matar da ita ce ke wankan jarirai a rabin garin nan, yau shekara guda ba wanda ya aiko kiranta. Yaro ya doshi ƙofarta sai uwarsa ta fizgo shi.

Tun daga ranar ba ta ƙara ce mini Auta ba. Malam take ce mini. Duk Juma'a nakan je, sai a shimfiɗa mini sabuwar tabarmar kaba a zaure kamar baƙon dagaci, a kawo tuwo a langa, da ruwa tafasasshe a butar shayi da kofi. Ta leƙo ta ce Malam an zo lafiya, ya aiki, ya mutanen birni, ta koma. Ba zagi, ba faɗa. Da ma ta ɗauki muciya ta rotse mini kai, wallahi da na ji sanyi.

Ba abin da ban gwada ba. Na kai mata turmin atamfa, ta ce Malam ya yi ɗawainiya, har yau yana nan ba ta ko warware shi ba. Na tura Liman, ta ce masa ita ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Na tsaya a ƙofar masallaci na yi wa maza bayani dalla-dalla, suka ce haka ne Malam, haka ne Malam, suka watse. Daga baya na ji wai an ce ina rufa mata asiri ne.

Zan gaya maka abin da ya fi ba ni kunya. Ran nan na je tafkin ni kaɗai na kamfaci ruwa da hannu, na ce bari in koya wa kaina. Maƙogwarona ya ƙi. Na tilasta, na amayar da shi nan take. Ruwan da na sha shekara da shekaru na girma! In na rufe ido sai in ga ƙwarin nan. Me aka yi mini a Zariya? Mun karanta labaran mutanen wasu ƙasashe da suka yi tafiya suka dawo suka tarar gida ya ƙi su, ina jin tausayinsu, ban san layinsu zan shiga ba. A birni ni ɗan masunta ne mai ƙarnin kifi, a gida ni Malam ne.

Kuma fa Malam, ni ban yi ƙarya ba! Daminar nan kurkunu uku suka fito wa Shu'ibu a ƙafa, shinkafarsa ta lalace a fadama yana kwance, ni nake zuwa ina naɗe masa su a tsinke. In na yi shiru na ci amanar aikina, in na yi magana na ƙara tona wa Iya. Wani lokaci har haushinta nake ji, in ce me ya sa ba za ta gane ba, sai kuma in yi istigfari.

Yanzu ga inda ta kai. Kawu Zarami zai ja ayari zuwa Makka ta hanyar Barno da zarar hanya ta bushe, Iya ta ce da ita za a tafi. Ta haura sittin. Ka san masu bin hanyar nan shekaru suke yi, wasu ma sai dai labari. Kowa na cewa ibada ce, ni na san garin ne ya yi mata zafi, kuma ni na hura wutar. Juma'ar da ta wuce ta bi gida-gida tana neman gafara. Da ta zo kaina sai ta tsuguna a bakin zaure, uwata fa, ta ce, “Malam, in mun yi maka wani abu a yafe mana.” Ta tashi ta shige gida.

Malam, in ajiye aikin in bi ta? In je in kama ƙafar Kawu ya hana ta? Ba na cin abinci, jiya har na kusa ba wani maganin da ba nasa ba. In ta tafi ba ta ƙara kirana da sunana ba, ban san yadda zan zauna a duniyar nan ba.

Ni ne naka cikin damuwa,
Autan da aka mayar Malam, Haɗeja.

AMSA

Ɗana Auta,

Da gangan na kira ka haka. Share hawayenka ka zauna, kwana ashirin suna da yawa ga wanda ya san laifinsa.

Da farko, kana da gaskiya kan ruwa. Kada wani ya sa ka ji kunyar abin da ka koyo, ƙafar wanka shaida ce. Amma kai aka tura ka koyi duba ruwa, ka dawo ka manta da duba fuskar mai miƙo shi. Shekara huɗu baiwar Allah tana ajiyar ƙoƙo, kai kuwa ka mayar da ranar marabarka ranar darasi. Ilimi gishiri ne, an yarda, amma ba a juye shi duka a miya ɗaya.

Ita ma Iya tana da nata. Shekara guda tana horon ɗa da ladabi ya yi yawa, kuma na tabbata ita ma ba barci take yi ba. Sai dai kafin ka ji haushinta ka tambayi kanka: wa yake tafasa ruwan nan na butar shayi duk Juma'a? Matar da ta cire ka daga ranta ba za ta ɓata itacenta a kanka ba. Ta ji bayaninka sarai. Ba ilimin ta ƙi ba, wulaƙancin ne bai warke ba.

Ka san dalilin da ya sa duk dabarunka suka faɗi? A gaban mata ka kunyata ta, ka je kana gyara a gaban maza. Ka ɓata da aiki, kana so ka gyara da baki. Atamfa kuwa ba ta wanke irin wannan suna. Abin da idon matan nan ya gani, idonsu ne kaɗai zai goge shi.

Saboda haka kada ka ajiye aiki, marasa lafiyar Haɗeja ba su yi maka laifi ba. Kada kuma ka tare mata hanyar Makka, ba a shiga tsakanin mutum da niyyarsa. Ga abin da za ka yi. Kafin ayari ya tashi dole mata su taru yi mata sallama. Ka sa Zinariya ta gaya maka ranar. Ka je da rigarka ta gida, ka bar kwalba da jaka a Haɗeja. In an shimfiɗa tabarma a zaure ka tsallake ta, ka cire takalmi, ka shiga har ƙofar ɗakinta ka zauna a ƙasa. Ka ce da ƙarfi yadda ta bayan danga ma za ta ji: Iya, ƙishirwa nake ji, a ƙoƙona nake so, kuma daga hannunki. In ta yi kamar ba ta ji ba, ka sake faɗa. In ta ce Malam, ka ce ba Malam a nan. Ka zauna ko rana za ta faɗi a kanka.

Na san za ka ce maƙogwaro. To, ka roƙe ta kunun tsamiya. Ai da tafasasshen ruwa ake dama shi, kakanninmu sun san tafasa tun ba a ƙera madubin likita ba. Matan nan ba ruwa suke kallo ba, hannun suke kallo. Amma ka ji ni da kyau: in ta gwada ka ta ɗebo na randa, ka yi bisimilla ka shanye, kada ka kuskura ka leƙa cikinsa. Kai malamin asibiti ne, ka san iyakar kurkunu, 'yan watanni ne da tsinke. Wannan da ke cin ka kuwa ba a naɗe shi a tsinke. Bayan ka sha ka nemi gafararta a gabansu, ka faɗa da bakinka cewa wautarka ce, ba ka taɓa zargin uwarka ba.

Zancen tsabtar ruwa ka jinkirta shi. In an huce, ka nuna wa Zinariya yadda ake tace shi da farin ƙyalle mai kauri, ai ba baƙon abu ba ne ga mai tace gasara. Mata za su karɓa daga hannunta fiye da bakinka. Ka kuma yi ta bin En'e da takarda har a haƙa muku rijiya.

Ban yi maka alkawarin za ta fasa tafiya ba. Mai yiwuwa ta tafi, kuma in ta tafi ka raka ta iyakar inda aiki ya bar ka. Abin da nake so shi ne ta bar garin da sunanta wankakke, in ta ɗaga hannu a can ta san wanda za ta ambata. In ta yarda, ka roƙe ta ta bar maka ƙoƙon, ka rataye shi a ɗakinka, kai ma ka ɗanɗana jiran da ta yi.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya kai ta lafiya ya dawo da ita lafiya, ya sa ka ji sunanka a bakinta. Tashi ka tafi, Auta. Ka je da ƙishirwarka.