Fim Ɗin da Rahama Ta Zaɓa

Zuwa ga Yaya Jibrilla, a Abijan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Inna da mutanen Affala duk lafiya lau, suna gaishe ka. Lambarka ta daina shiga, shi ya sa na ba Almustafa direba wannan takarda.

Yaya, kwana biyun nan na kasa zama wuri ɗaya. Ka san rumfata ta bakin tashar Tawa, inda nake tura wa mutane fim a salula. To, fim biyu sun hana ni sakat. Na farko na dariya ne: wani ya dawo daga Abijan da baƙin tabarau da ƙaton akwati, aka buɗe, ba komai ciki sai takalma. Maza shi suke so, 'yan kabu-kabu har sun haddace tafiyarsa. Na biyu kuwa wata mata ce mijinta ya tafi cin rani ya yi shiru, ta yi jira har ta gaji, ta kai maganar gaban alƙali aka raba auren.

Da farko na ɗauka na dariyar ne ya ci gari, don shi ake kallo a fili ana shewa. Ashe na yi wauta. Mata ba sa tsayawa kallo a rumfa. Su miƙo salula a cikin mayafi, su ce a sa musu "wancan ɗin", su wuce. Ran kasuwa hannuna har ciwo yake.

Ranar Lahadi sai ga matarka Rahama. Na tsokane ta, na ce bari in sa mata mai akwati ta ga mijinta. Ko murmushi ba ta yi ba, ta ce ɗayan take so. Haka na tura mata shi.

Jiya ta dawo ta ce in goge shi. Na yi murna, na ce ai gara, abin baƙin ciki ne kawai. Ta ce ba haka ba ne, ta gama fahimtar yadda ake yi.

Yaya, tsoro nake ji. Inna ba ta sani ba tukuna. Kada ka aiko da atamfa ko saƙon murya, an wuce nan. Motar Almustafa za ta juyo ran Alhamis. Ka shigo ta, ko da akwatinka ba komai.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Illa